ƁARAYIN KEKE: WANI TSOHON FIM NA ƘASAR ITALIYA

A bana na ga ya kamata in ɗan yi bayani a kan wani tsohon fim na ƙasar Italiya wanda aka fitar a shekarar 1948, tun ba a haifi iyayen yawancinmu ba. Sunansa da Italiyanci Ladri di biciclette, watau Ɓarayin Keke. Baƙi-da-fari ne, ba launi ko ɗaya a cikinsa. Babu rawa da waƙoƙin soyayya irin na finafinan Indiya, babu dambe irin na 'yan Sin, ba a harbi kowa ba, ba kuma wanda ya mutu. Tsawonsa kimanin awa ɗaya da rabi ne, labarinsa kuwa ana iya faɗinsa da numfashi guda: an sace wa wani talaka kekensa, ya fita nema tare da ɗansa, bai samu ba. Duk da haka, a shekarar 1952 da wata mujallar silima ta Ingila mai suna Sight and Sound ta tambayi masana wane fim ne ya fi kowanne kyau tun da aka fara yin fim a duniya, wannan suka sa a lamba ta ɗaya.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi tun daga farko shi ne sunan. Mutum ɗaya muka gani ya sace keken, amma masu fim ɗin suka ce "ɓarayi", ba su ce "ɓarawo" ba. Da aka kai shi Amurka a shekarar 1949 sai aka mai da sunan na tilo, ya zama Ɓarawon Keke. Ni a ganina waɗanda suka yi haka sun rage wa fim ɗin ƙarfi, domin duk ma'anarsa tana cikin wannan jam'i. Amma kafin in kai ga dalilina, sai mun san ƙasar da zamanin tukuna.

Italiya bayan yaƙi

Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1940 a gefen Jamus, ƙarƙashin mulkin Musolini. A 1943 aka tumɓuke shi, sojojin Jamus suka mamaye birnin Rum har zuwa watan Yuni na 1944. Sa'ad da yaƙi ya ƙare a 1945 ƙasar ta ragargaje: gidaje da gadoji da masana'antu sun rushe, kuɗinsu da ake kira lira ya faɗi warwas. A 1946 jama'a suka jefa ƙuri'a suka kawar da sarauta, ƙasar ta zama jamhuriya. A lokacin da ake ɗaukar wannan fim mutum wajen miliyan 2 ne ba su da aikin yi.

Harkar silima ma ba ta tsira ba. A 1937 Musolini ya buɗe wani ƙaton gidan shirya finafinai a bayan birnin Rum mai suna Cinecittà. A zamaninsa an fi yin finafinan attajirai masu tufafin alfarma da gidaje na ƙawa, har mutane suka laƙaba musu suna finafinan farin tarho, saboda farar wayar tarho da ake yawan gani a ɗakunan 'yan wasan, wadda talaka bai taɓa riƙe irinta ba. Bayan yaƙi aka mai da wannan gida sansanin 'yan gudun hijira. To, sai waɗansu masu shirya fim suka ɗauki na'urorinsu suka fito titi. Suka riƙa ɗaukar hoto a unguwannin talakawa da kasuwanni, da hasken rana, suna sa mutanen gari su yi wasan. Wannan salo shi Italiyawa ke kira neorealismo, ma'anarsa sabon salon nuna rayuwa yadda take. Roberto Rossellini ne ya share fage da fim ɗinsa Roma città aperta a 1945. Wanda ya shirya Ɓarayin Keke kuwa shi ne Vittorio De Sica, an haife shi a 1901, ya rasu a 1974. Shi da abokinsa marubuci Cesare Zavattini suka ɗauko tushen labarin daga wani littafi na Luigi Bartolini, amma sun sāke shi ƙwarai.

Yadda labarin yake

Fim ɗin ya fara a wata unguwa ta bayan gari mai suna Val Melaina, inda magidanta suka yi cincirindo a ƙofar ofishin ba da aiki. Aka kira sunan Antonio Ricci, wanda ya daɗe yana zaman kashe wando, aka ce ya sami aikin liƙa takardun talla a bangayen birni. Sharaɗi ɗaya ne: sai mai keke. Antonio kuwa yana da keke, amma ya kai shi gidan jingina don iyalinsa su ci abinci. Nan take sauran mutane suka fara ɗaga murya, kowa na cewa shi yana da keke, a ba shi aikin.

Matarsa Maria ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta yaye zannuwan gadonsu guda 6, waɗanda suna cikin kayan aurenta, ta wanke, suka kai gidan jingina aka ba su lira 7,500. Suka fanshi keken a kan lira 6,100. A nan akwai wani hoto da ba a ce uffan a cikinsa ba, amma ya fi dogon jawabi. Ma'aikacin gidan ya ɗauki ƙunshin zannuwan ya yi ta hawa wata kanta mai tsawo kamar ba za ta ƙare ba, ko'ina a cike maƙil da ƙunshe-ƙunshe irin nasu. Watau ba su kaɗai ne za su kwana a kan katifa tsirara ba.

Da asuba Antonio ya sa hular aiki, ya ɗauki ɗansa Bruno a keke ya sauke shi a gidan man da yaron ke aiki. A lura, Bruno bai fi shekara 8 ba, amma kafin wannan rana shi kaɗai ke kawo kuɗi gidan. Shi ke goge keken, ya san shi ciki da waje, har ya gano wata 'yar lotsawa da aka yi masa a gidan jingina. Antonio yana kan tsani, yana liƙa hoton wata 'yar wasan Amurka mai suna Rita Hayworth, sai wani saurayi mai hular sojan Jamus ya haye keken ya sheƙa. Antonio ya bi shi da gudu yana ihu, abokin ɓarawon ya ɓatar da shi, shi ke nan.

Ya tafi caji ofis. Ɗan sanda ya rubuta lambar keken, ya ce masa ya je ya nema da kansa, in ya gani ya kira su. Wani ya leƙo yana tambaya ko akwai wani labari, ɗan sandan ya amsa masa cewa ba kome, keke ne kawai. Washegari Lahadi, Antonio da Bruno da wani abokinsa Baiocco mai aikin kwashe shara suka nufi kasuwar Piazza Vittorio, inda ake sayar da kekuna a wargaje, ƙararrawa daban, famfo daban, taya daban. Neman keke guda a nan daidai yake da neman allura cikin ruwa. Daga nan uba da ɗa suka wuce kasuwar Porta Portese, ruwan sama ya tsuge musu. Da ya ɗauke suka hangi ɓarawon yana magana da wani tsoho. Ɓarawo ya tsere, suka bi tsohon har cikin wata majami'a inda masu hali ke yi wa matalauta aski su ba su miya, amma sai sun zauna an gama addu'a. Antonio ya matsa wa tsohon lamba ana tsakiyar ibada, tsohon ya sulale ya ɓace.

Bruno ya ɗan yi wa ubansa ƙorafi, uban ya kwaɗa masa mari. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Yaron ya ja gefe yana kuka, ya ce zai gaya wa mamarsa. Jim kaɗan Antonio ya ji ana ihu wani yaro ya faɗa kogin Tiber, ya ruga hankalinsa a tashe, ashe ba Bruno ba ne. Don ya wanke laifinsa ya kai shi gidan abinci, ya saya masa burodi soyayye da cuku da ɗan abin da ya rage a aljihunsa. A teburin da ke bayansu kuwa ga iyalin wani mai kuɗi, ana ta jera musu akussa, ɗansu yana kallon Bruno a wulaƙance. Antonio ya ɗauko fensir yana lissafin albashin da zai riƙa samu in da keken na nan, abinci ya fita ransa.

Da dabara ta ƙare masa sai ya tafi wurin wata mata mai duba, wadda shi da kansa ya yi wa Maria dariya a kanta kwana biyu da suka wuce. Ta karɓi kuɗinsa, ta ce masa ko dai ya ga keken yanzu-yanzu ko kuwa ba zai ƙara ganinsa ba. Fitowarsu ke da wuya sai ga ɓarawon. Antonio ya bi shi har unguwarsu ya ci kwalarsa. Maƙwabta suka yi caa a kansa, saurayin ya faɗi yana farfaɗiya, uwarsa na kururuwa ta taga. Bruno ya ruga ya kira ɗan sanda. Aka bincika ɗakinsu, ɗaki guda da iyali duka ke kwana a ciki, ba keke ba alamarsa. Ɗan sanda ya ce tun da ba shi da shaida, unguwar nan kuwa kaf za su tsaya wa ɗansu, ba abin da za a iya yi.

Da la'asar suka zauna a bakin titi kusa da filin ƙwallo. Ga kekunan 'yan kallo jere reras ba iyaka, ga kuma wani guda an jingine shi a ƙofar wani gida ba kowa kusa. Antonio ya yi ta kai da kawowa. Can ya ba Bruno kuɗin mota ya ce ya tafi ya jira shi. Ya haye keken mutane ya taka. Yaron kuwa motar ta wuce ta bar shi, saboda haka da idonsa ya ga jama'a sun kewaye ubansa, suna marinsa suna kiransa ɓarawo. Ya kutsa cikinsu yana kuka, ya tsinci hular uban daga ƙasa yana kaɗe mata ƙura. Mai keken ya dubi yaron, ya ce a sake shi, abin da yake ciki ya ishe shi. Uba da ɗa suka bi ayarin mutane, uban na hawaye, ɗan ya kama hannunsa. A nan fim ya ƙare.

Yadda aka shirya shi

Manyan 'yan wasan uku ba wanda sana'arsa ke nan. Lamberto Maggiorani, wanda ya fito a Antonio, ma'aikaci ne a wata masana'anta. Lianella Carell, watau Maria, 'yar jarida ce. Enzo Staiola kuwa, watau Bruno, De Sica ya tsinto shi ne a cikin 'yan kallon da suka taru a titi. Wani babban attajirin silima na Amurka, David O. Selznick, ya so ya ba da kuɗin yin fim ɗin, da sharaɗin a ba shahararren ɗan wasan nan Cary Grant matsayin Antonio. De Sica ya ƙi. Dalilin a fili yake: in mutane suka ga fuskar da suka sani, za su ce ga tauraro yana kwaikwayon talaka, hankalinsu ya kwanta. Fuskar Maggiorani kuwa, da kumatunsa da suka faɗa da tafiyarsa ta wanda ya saba da aikin ƙarfi, ta kowa ce.

Kada mai karatu ya zaci an kafa na'ura ne kawai a titi aka ɗauki abin da Allah ya kawo. An tsara kome a tsanake. Ruwan saman kasuwar nan 'yan kwana-kwana ne suka zubo shi da mesa. Muryoyi kuwa daga baya aka ɗora su, yadda Italiyawa suka saba yi a lokacin. Cikin 'yan makarantar limaman Kirista da suka fake wa ruwan kusa da Antonio har da wani saurayi mai suna Sergio Leone, wanda daga baya ya yi suna wajen shirya finafinan kaboyi. Gwanintar De Sica ita ce ya yi wannan aiki duka, sa'an nan ya ɓoye shi, har mai kallo ya ji kamar ta taga yake leƙen titi.

To, su wane ne ɓarayin?

Amsa ta kusa ita ce su biyu ne, saurayi mai hular Jamus da Antonio kansa. Sau biyu aka nuna mana fim ɗin a ɗakin taro na makarantarmu, kuma na lura da abu guda. A sata ta farko ɗalibai sun yi ta ihu a kama shi, a sata ta biyu kuwa ɗakin ya yi tsit, har na ji wani a bayana yana cewa a hankali, "Yi sauri mana!" Aikin ɗaya ne, sata ce. Abin da ya bambanta su a wurinmu shi ne mun san gidan Antonio, mun ga zannuwan Maria, mun san akwai jariri kwance a ɗaki. Shi saurayin ba mu bi shi gida ba sai can kusa da ƙarshe, da muka shiga kuwa muka tarar ya fi Antonio tsiya. Da a ce ta kansa aka fara labarin, watakila shi za mu ce wa ya yi sauri.

Akwai amsa ta nesa kuma. Antonio ya ƙwanƙwasa ƙofa bayan ƙofa: ofishin aiki, caji ofis, majami'a, gidan mai duba. Ba inda aka kore shi, ba kuma inda aka taimake shi. Kowa yana bin ƙa'idar aikinsa, ba mai lokacin keke guda. Alhali wannan keke shi ne aikin, aikin shi ne abincin mutum huɗu, shi ne kuma mutuncin magidanci a idon ɗansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina ganin De Sica yana so mu tambayi kanmu ne, wa ya bar bangon ya tsage?

Amma fim ɗin bai ce sata daidai ce ba, kada wani ya fahimce ni a karkace. Mutumin da Antonio ya ɗauke wa keke shi ma bai ci ba bai sha ba, wa ya sani ko da shi yake ciyar da nasa iyalin? Antonio bai shiga kurkuku ba, amma hukuncin da ya samu ya fi ɗauri zafi, domin Bruno ya gani. Tun farkon fim yaron nan yana kwaikwayon ubansa, yadda yake tafiya, yadda yake sa abincin rana a aljihun riga. Duk wani abu da Antonio ya yi, De Sica sai ya juyo da na'ura kan fuskar Bruno. Kwana dubu na ɓarawo ne, in ji masu iya magana, rana ɗaya ta mai kaya. Antonio ko minti biyar bai samu ba. Jinƙai ɗaya tak da ya gani a wunin nan daga hannun wanda ya zalunta ya fito, shi ma albarkacin yaro.

Abin da ya biyo baya

A 1950 aka ba fim ɗin lambar girma ta Oscar a Amurka, a Ingila ma aka zaɓe shi fim mafi kyau na shekara. Masu tace finafinai na Amurka sun nemi a yanke wurare biyu, inda Bruno ya tsaya zai yi fitsari a jikin bango da inda Antonio ya bi ɓarawo cikin gidan mata masu zaman kansu, De Sica ya ce ba zai taɓa ko ɗaya ba. A gida kuwa ba kowa ya yi murna ba, domin waɗansu manya suna ganin irin waɗannan finafinai tonon asirin ƙasa ne a gaban baƙi. Da De Sica ya fitar da Umberto D. a 1952, labarin wani tsoho ɗan fansho da karensa, Giulio Andreotti, wanda ke kula da harkar silima a gwamnati, daga baya kuma ya zama firayim minista, ya rubuta cewa bai kyauta wa ƙasarsa ba. Shi kuwa Maggiorani, bayan duniya ta san fuskarsa, masana'antar da yake aiki ta rage ma'aikata har da shi, ya koma neman aiki kamar Antonio. Ya rasu a 1983.

Tasirin fim ɗin ya ƙetare teku. Wani saurayi Ba'indiye mai zanen talla, Satyajit Ray, ya kalle shi a Landan a 1950, ya fito da niyyar shi ma sai ya yi irinsa a ƙauyukan ƙasarsu. A 1955 ya fitar da Pather Panchali, wanda ya sa duniya ta san akwai finafinan Indiya da ba na rawa da waƙa ba. A nan Afirka ta Yamma kuma, Ousmane Sembène na Senegal ya yi wani gajeren fim a 1963 mai suna Borom Sarret, labarin mai keken doki a Dakar wanda ɗan sanda ya ƙwace masa abin sana'arsa, ya koma gida hannu rabbana. Masana sukan jera shi da Ɓarayin Keke.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya sami dama ya kalli wannan fim, kada rashin launi ko baƙon harshe ya hana shi, domin rabin maganar a fuskokin mutane take. Kafin mu bi ayarin masu ihun ɓarawo da duwatsu a hannu, mu tuna akwai hukuma, mu kuma tuna watakila akwai wani Bruno a cikin taron. Iyayenmu kuma, Allah ya ƙara musu girma, ina roƙonsu su yi haƙuri da ƙuruciyata in ce musu muna kallonsu fiye da yadda suke zato, abin da muka gani kuwa shi muke ɗauka. Nan zan dasa aya. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowane magidanci abin da zai riƙe gidansa da shi ta hanyar halal, amin.